Saniyar da Ta Tashi Kamar Doki

Kaska ta bakwai ce ta ƙi fita. Ta kafa kai a bayan kunnen bijimin, Ramalan ya kama ta da farce yana murɗawa a hankali, yana yi wa bijimin magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, har ta saki. Ya jefa ta cikin gwangwanin kananzir da ke gefen ƙafarsa. Haka yake yi kowace safiya kafin rana ta ɗaga: ya bi jikin bijimansa biyu da tafin hannu tun daga wuya har gindin wutsiya, ya duba tsakanin kofato, ya leƙa cikin kunne. Su biyun nan kaɗai suka rage masa a Unguwar Gai, da su yake huɗar gonarsa da ta maƙwabta. Sauran garken 'ya'yansa sun kora shi kudu shekara tara da suka wuce, lokacin da wurin kiwo ya ƙare a nan. Shi kuwa ya ce ƙafarsa ta gaji, a bar shi inda ya saba.

Yana cikin haka babur ya tsaya a bakin danga. Malam Uzairu ne, malamin makaranta a Kibiya, wanda ke jagorantar wata ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi bijimai, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baffa, labarin Wule na zo nema."

Ramalan ya goge hannu a jikin rigarsa. An daɗe ba a kira sunan nan a gabansa ba.

A wata ruga kusa da Saji aka haife shi, cikin ƙasar Rano, ya fara bin shanu tun sanda ta fi shi tsawo. Bai yi boko ba, bai riƙe sarauta ba, Allah bai nufe shi da zuwa Makka ba. Abin da ya tara a duniya guda ne: damina arba'in da ɗaya ya yi yana kiwo a tsakanin gonakin mutane, ba a taɓa kiransa ƙofar dagaci a kan ɓarna ba, ko sau ɗaya. Shi ya sa har yau, in rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi, dagaci kan ce a kira Ramalan ya je ya duba sawu ya faɗi gaskiya, domin bakinsa kaɗai ɓangarorin biyu suke yarda da shi. Wannan suna shi ne rigarsa ta fita kunya, ba shi da wata.

Wule kuwa ita ce uwar garkensa a shekarun ƙarfinsa, baƙar saniya mai farin goshi, ƙahonta na dama ya miƙe sama, na hagu ya lanƙwaso ƙasa kamar lauje. A shekarar da gonaki suka cinye burtali, hanyar shanu ta matse a gefen gonar maƙwabcinsa Gwadabe har ko amalanke ba za ta wuce ba, ga dawa ta fid da kai hagu da dama. Ramalan ya iso wurin da shanu arba'in. Sai Wule ta shige gaba ta tsaya a daidai matsin, ta jingina jikinta da gefen dawar, garken ya riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya. Duk karsanar da ta miƙa wuya wajen ganye, sai ta ji lanƙwasasshen ƙahon nan a haƙarƙari. Sai da na ƙarshe ya wuce sannan ta bi baya. Gwadabe yana kan rumfar korar tsuntsu, a idonsa aka yi komai, da kaka kuma ya ɗauko damin dawa a kansa ya kawo ya ce na Wule ne.

Da ta tsufa haƙoranta suka zube, aka yanka ta don kada ta yi mushe. Ramalan bai ci naman ba. Ya ɗauki ƙahonnin haɗe da ƙashin goshi ya rataye a zaurensa, duk wanda ya taɓa shiga gidan ya san su.

Ya ba Uzairu labarin tas, Uzairu na rubutawa yana kaɗa kai. Uzairu ya yi bayani cewa za a yi taron manoma da makiyaya a Kibiya kafin ruwa ya sauka, shi ne suke so su mayar da labarin wasa a kan dandamali. Dabbobin kuma ƙera su za a yi da gora da buhu da fata, mutane su shiga ciki suna motsa su. Sun sassaƙa ƙaho na itace, in ji shi, ya fito kamar ƙotar fartanya. Ko Baffa zai ara masu na gaske?

Dije, matar Ramalan, tana jin su daga bayan zana. Da baƙo ya fita duba babur ɗinsa ta leƙo.

"Malam, labari dai ka ba shi, ai ba ya ƙarewa. Ƙahon nan in ya bar gidan nan, ba ka san kan da za a ɗora shi ba."

"Malamin makaranta ne, Dije. 'Ya'yan mutane ma ana ba shi."

Ya sauko da ƙahonnin da hannunsa, ya hure ƙurar da ke jiki, ya naɗe su a buhu.

Ranar Asabar bayan azahar ɗakin taro ya cika har bakin taga. Manyan baƙi da dagatai a kujerun gaba, manoma sun cika tsakiya, mata a gefe ɗaya, makiyayan da suka zo daga wajen Zurgu da Saji suka taru a baya, an karɓe sandunansu an jingine a waje. Ramalan aka zaunar da shi a layi na biyu, kusa da Gwadabe, wanda yanzu shi ne shugaban ƙungiyar manoman unguwarsu.

"Agwai, yau kai ne ango," in ji Gwadabe yana zungurarsa. "Ka dai yi wanka ko?"

"Na yi, Kaɗo. Na ga kai ma an ba ka aron hula."

Shekara talatin ke nan suna wannan tsiyar.

Aka ja labule. Da farko balbelu ne suka fito, farare tas, na ƙyalle a kan dogayen sanduna, suna kaɗa fiffike a saman kawunan mutane. Ɗakin ya ɗauki "Kai!" baki ɗaya. Kura ta leƙo ta gefe da idanun murfin kwalba, mata suka ja baya suna salati suna dariya. Wani dattijo a gaba ya riƙa gunaguni a kan mutum-mutumi, amma bai ɗauke ido ba. Wayoyi suka tashi sama ana ɗauka.

Sannan ta fito. Baƙin buhu ne a kan gora, da ƙafafun mutum biyu a ƙarƙashi, kowa na ganinsu. Amma da ta sunkuyar da kai ta karkata shi gefe, ƙahon dama ya nuna rufi, na hagu ya lanƙwaso ta gefen farin goshi, sai Ramalan ya ga Wule a gabansa. Ya ji ƙamshin garke da asuba, ya ji ɗumin numfashinta a bayan hannunsa. Ya sunkuyar da kai don kada a ga idonsa.

"Wule ce!" wani ya yi ihu daga tsakiya. "Wallahi saniyar Ramalan ce!"

Aka juyo ana kallonsa ana tafi. Kunya ta kama shi, da daɗi a cikinta.

Makiyayin wasan ya shigo da malfa da sanda a kafaɗa, yana karya harshe yana "aradu, aradu". Aka yi dariya, Ramalan ma ya murmusa, wannan tsohuwar tsokana ce, ba ta kashe kowa. Ya zuba ido yana jiran burtali. An kakkafa kara a gwangwanaye an ɗaura masa koren ƙyalle, ga gona ke nan, yanzu za ta je ta tsaya a matsi.

Sai makiyayin ya yi hamma, ya kwanta a gindin bishiya, ya rufe fuska da malfa ya hau minshari. Saniyar ta waiga hagu, ta waiga dama, irin waigen ɓarawo. Ta taka a hankali ta shiga tsakiyar gonar. Aka ja zare daga ciki, bakinta ya buɗe, ta cafki ganye ta fizge.

Ramalan ya zaci kuskure ne, yanzu za a gyara. Ta fizgi na biyu. Ta tattake kara, ta kaɗa wutsiya, ta juyo ta kalli jama'a tana tauna.

Ɗakin ya ɓarke. Manoma suka miƙe tsaye suna nuni.

"Haka suke yi! Wallahi haka suke yi!"

"Ka ga munafuka, har da waige!"

Mai gonar wasan ya fito da kulki ya hau jibgarta, kowane duka ɗakin na amsawa da "Ƙara mata!" Gwadabe ya riƙe ciki, hawaye na zubo masa don dariya. Ya dafa gwiwar Ramalan.

"Agwai, ashe a ɓoye take ci! Shekara da shekaru muna yi mata kallon waliyyiya!"

Ramalan mutum ne da filako ya rene shi: bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba, bai taɓa cin abinci a kasuwa ba, ba a taɓa jin muryarsa ta wuce ta wani a taro ba. Ya damƙe gefen benci har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Daga gefen mata ya ji wata murya ta ratso hayaniyar, murya ce ta mai gaskiya, ba ta wasa ba.

"Ni fa yanzu na tuna. Shekarar da aka cinye mana wake, kamar mai karkataccen ƙahon nan ce."

"Ai biri ya yi kama da mutum," wata ta amsa.

Ya ɗaga kai ya ga wayoyi sun fi hamsin a sama. Kafin magariba hoton nan zai kai Rano, ya kai rugar 'ya'yansa a kudu. Ƙahon da kowa ya sani, a tsakiyar gona, yana ɓarna. Gobe in dagaci ya ce a kira Ramalan ya duba sawu, wani zai ce, wane Ramalan, mai Wule?

A dandamali saniyar ta zube ƙasa. Kiɗa ya lafa, balbelu suka zagaye ta. Ɗakin ya yi tsit ana jira a ga ko ta mutu. Can sai ta motsa. Wanda ke gaba a cikin buhun, da yake shi ke ganin hanya, ya miƙe tsaye tukuna, kai da ƙirji suka tashi sama, gindi yana zaune a ƙasa, sannan na baya ya yunƙura.

Daga can bayan ɗaki wani makiyayi, Maharazu na Zurgu, ya kwarma ihu.

"Kai jama'a! Wannan ai doki ne!"

Makiyaya suka kece da dariya, dariyar da babu daɗi a cikinta. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da garke ya san saniya da ƙafar baya take fara tashi, ta ɗaga gindi tana durƙushe a kan gwiwoyin gaba, sannan ta miƙe. Doki ne ke fara miƙe gaba. Manoman da ke da shanun huɗa ma suka ankara, suka riƙa kallon juna. Aka fara jifan juna da magana tsakanin tsakiya da baya.

Wannan tashin ne ya tsinke igiyar da ke riƙe da Ramalan. Ashe mutanen da ko sau ɗaya ba su tsaya sun kalli saniya tana tashi ba, su ne suka zauna suka yanke abin da take yi in makiyayi ya kau da ido. Ya miƙe.

"Malam Uzairu!"

Ba a taɓa jin wannan muryar ba, shi ya sa aka yi shiru. Uzairu ya fito daga bayan labule da takardu a hannu, ya sauko da sauri yana rage tsawo.

"Baffa, don Allah a zauna, saura kaɗan. Ai sulhu za a yi. Yanzu makiyayin zai farka ya durƙusa ya ba da haƙuri, manomi ya yafe, a rungumi juna."

"Haƙurin me zai bayar?"

"Na ɓarnar, Baffa."

"Wace ɓarnar? Wadda na ba ka labari?"

Uzairu ya share gumi. "Baffa, labarinka yana da kyau, wallahi har hawaye na yi. To amma babu rigima a cikinsa. Saniya ta tsaya, shanu sun wuce, shi ke nan. Wasa ba ya tafiya sai an yi laifi, in ba laifi me za a sasanta? Kuma ba mu ambaci sunanka ba ko sau ɗaya."

"Ba ka ambaci sunana ba. Ƙahon wa ka ɗora mata? Na ubanka?"

Ɗakin ya ɗauki salati. Ramalan da kansa ya ji nauyin kalmar a bakinsa, amma bai janye ta ba. Ya juya ya fuskanci jama'a.

"Ga ni, ga dagaci a zaune. Damina arba'in da ɗaya na yi kiwo a ƙasar nan. Duk wanda saniyata ta taɓa cin ganye ɗaya a gonarsa, ya tashi ya faɗa. Ke mai wake, ina kike? Wace shekara? Wace gona?"

A gefen mata aka sunkuyar da kai, wata ta ja mayafi ta rufe baki. Ba wanda ya tashi. Amma shirun bai ishe shi ba, don shirun mutanen da aka katse wa nishaɗi ne, suna jira tsoho ya gama su ci gaba. Ya sauke ido kan maƙwabcinsa.

"Gwadabe. Kana kan rumfa ran nan. Faɗa masu."

"Haba Agwai, wasa ne fa. Zauna mana, kana ba mu kunya."

"Yau babu Agwai, babu Kaɗo. Ta ci, ko ba ta ci ba?"

Gwadabe ya dubi manyan baƙi, ya waiga ya dubi 'yan ƙungiyarsa da suka gama ihun a ƙara mata. Ya gyara hula.

"To, ni dai a gonata ban gani ba. Amma dabba ai dabba ce, Ramalan. Wa zai rantse mata?"

Ramalan ya daɗe yana kallonsa. Damin dawar nan, da takin da garkensa ya zuba a gonar mutumin nan rani bayan rani, da huɗar da bijimansa ke yi masa kafin ya yi tasa, duk abin da suka saya ke nan: ban gani ba.

"Ni zan rantse mata," ya ce.

Ya ratsa ta gaban kujerun manya ba tare da ya rusuna ba, ya taka matakala ya hau dandamali. Makiyayin wasan, da ke kwance har yanzu yana leƙe ta ƙarƙashin malfa, ya mirgina ya ba shi hanya. Saniyar buhu ta tsaya cak. Ya kama ƙahon hagu ya jawo kan ƙasa.

"Baffa, a hankali," wata murya ta fito daga cikin buhun. "Munzali ne, kaina na ciki."

"Sunkuya. Ka iya tashi irin na doki, ka koyi durƙuso irin na shanu."

An ɗaure ƙashin goshin a jikin gora da igiyar leda, ƙulli a kan ƙulli. Uzairu ya miƙo masa reza da hannu biyu. Ramalan bai ko kalle ta ba, tun yana yaro ba a koya masa yanke igiya ba, kwancewa ake yi. Ya sa farce ya fara bin ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ɗaki guda na kallonsa, ba abin da ake ji sai kukan fanka da numfashin mutum biyun da ke gumi a cikin buhu. Ya ɗauki lokacinsa. Da ƙulli na ƙarshe ya saki, ƙahonnin suka faɗo hannunsa, abin da ya rage a dandamali buhu ne mai ƙafa huɗu da kan gora, ba wanda zai ce ga dabbar da yake.

Wani ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye.

Dagaci ya ɗaga hannu. "Malam Ramalan, a yi haƙuri. Dawo ka zauna, za a gyara. Ai ka san ba mu da kamarka in magana ta taso."

"Ranka ya daɗe, nan gaba in an yi ɓarna, a kira Malam Uzairu ya duba sawu. Ya fi ni sanin abin da saniya ke yi."

Ya sauko ya rungume ƙahonnin a ƙirji. Da ya zo daidai Gwadabe ya ɗan tsaya.

"Ruwa ya kusa sauka. Ga dokinku can, ka ɗaura masa garma."

"Ramalan, tsaya mana, ka ji..."

Bai tsaya ba. Ya bi ta tsakiyar bencina, mutane na janye ƙafafu suna kauce wa tsinin ƙaho. A baya makiyaya suka miƙe za su bi shi, Maharazu a gaba.

"Ku zauna," ya ce masu. "An ce saura sulhu. Ku tsaya ku ga yadda ake ba da haƙuri."

Ya tura ƙofar da kafaɗa, ya karkata ƙahon dama don kada ya bugi dogarin ƙofar, ya fita.